Kwamfutocin sashen kuɗi sun ƙi samun adireshi

Tambaya: Salam Malam, a ofishinmu mun raba netwok gida biyu a kan suwic ɗin Cisco (na'urar da ake jona wayoyin kwamfutoci a jikinta), kowane gida ana ce masa VLAN, ma'aikata VLAN 10, sashen kuɗi VLAN 20. To na 10 lafiya lau, amma na 20 duk kwamfutar da aka jona sai ta ɗauko adireshi mai farawa da 169.254, intanet kuma babu. Ina matsalar take don Allah? Daga mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wannan 169.254 ɗin kwamfutar ce ta ba kanta da ta nemi sabar DHCP, wato mai raba wa kwamfutoci adireshi, ta ji shiru. Neman adireshi kamar shela ne, iya VLAN ɗin da aka yi shi yake tsayawa, to in sabar taku tana cikin 10 kiran 'yan 20 ba zai kai mata ba sai an sa mai miƙa saƙo, wato ka shiga saitin fuskar (interface) VLAN 20 a rawuta (na'urar da ke haɗa netwok da netwok) ko suwic ɗin da ke haɗa su ka rubuta umarnin ip helper-address tare da adireshin sabar, kuma ka tabbatar an ware wa 20 nata rukunin adireshi a sabar, mutane na yawan mantawa da wannan wallahi.

In duk da haka ta ƙi, buga show vlan brief ka ga ko ramin da aka jona wayar yana 20 da gaske, don sau da yawa yana nan zaune a VLAN 1, inda suwic ke ajiye kowane rami tun asali. Sannan show interfaces trunk, ka duba ko an bar 20 ta wuce tsakanin suwic da suwic.