Ogan ɗinka ne ke haɗiye mai waƙa, ba laifin piyano ba ne

Na ga saƙonka. Ka ce bayan na tashi daga shago ka zauna da tsofaffin waƙoƙin rok ɗin nan da na tura maka, ka danna sautin ogan (kayan kiɗan nan mai maɓallai irin na piyano) a piyanonmu kana bin su, amma naka ya fito a bushe kamar hon ɗin mota, kuma da yaron nan mai zuwa waƙa wajenmu ya ɗora murya sai ogan ɗin ya haɗiye shi gaba ɗaya, shine kake tambaya ko piyanon ne ya gaji. Toh piyanon yana da nasa laifin amma kaɗan ne, sauran duk a hannunka yake.

Abin da kake ji a yawancin waƙoƙin nan wani ogan ne mai suna Hammond, wani Ba'amurke Laurens Hammond ya fito da shi a 1935. Inji ne fa na gaske, a cikinsa akwai moto mai juya wasu ƙananan faifan ƙarfe guda 91 a gaban maganaɗisu, juyin nan ne ke haifar da sautin, har mai ake ɗiga masa kamar keken ɗinki. A samansa akwai sanduna tara da ake ja ana turawa, kowace da irin kaurin ko sirantar da take ƙarawa. Sannan ga sifikar Leslie, ita ce rabin sirrin, akwati ne na katako da ƙaho a sama yana juyawa, a ƙasa ma wani abu kamar ganga yana juyawa, gudu biyu gare shi, a hankali da kuma da sauri. In ka sauya daga wannan zuwa wancan ba nan take yake kamawa ba, ƙahon ya kan riga na ƙasan ɗaukar gudu saboda ya fi shi rashin nauyi, to wannan ɗan tsakanin da suke laluben juna shi ne wajen da tsigar jiki ke tashi. Kai kuma ka danna sauti ɗaya ka bar shi a sandare tun daga farko har ƙarshe, ina zai yi rai?

Amma kar ka ce ai don ba mu da Hammond ne. Saurari House of the Rising Sun ta ƙungiyar The Animals, 1964, Alan Price ne ya kaɗa ta da Vox Continental, ɗan ƙaramin ogan mai siririn sauti wanda wallahi piyanonmu ya fi shi kaya. Ka lura da farkon, jita ce kawai sai Eric Burdon ya shigo da murya a ƙasa ƙasa, ogan ɗin sai daga baya yake lallaɓowa, yana ƙara kauri baiti bayan baiti, sai da mai waƙa ya yi shiru sannan aka sakar masa fili ya yi ta barin wuta. Kamar dai mai kalangu ne da ya san aikinsa, in mawaƙi na magana ya kan sassauta, da ya ja numfashi sai ya cike gurbin, ba a taɓa jin su biyun suna rige-rigen baki.

Wadda na fi so ka maimaita sau goma ita ce A Whiter Shade of Pale ta Procol Harum, 1967. Matthew Fisher ne a kan Hammond, Gary Brooker ne ke waƙa. Ogan ɗin ne ke buɗe ta da wani kari mai ƙamshin kiɗan Bach, wani tsohon gwanin tsara kiɗa na Jamus, kana jinsa ka san waƙar tun ba a furta komai ba, amma da Brooker ya buɗe baki da muryar nan tasa mai ɗan kaushi sai Fisher ya koma baya ya riƙe dogayen sautuka kawai, kamar wanda ya shimfiɗa tabarma ya ja gefe. Kuma don ka san wannan ɗan karin ba wasa ba ne, sai da aka je kotu a Ingila a kansa, a 2006 alƙali ya ba Fisher kashi 40 na haƙƙin kiɗan, a 2009 Majalisar Dattawan ƙasar ta tabbatar masa. Shi yasa nake ce maka duk abin da ka ƙirƙira a sitidiyo a rubuta sunanka tun ranar, amma wannan wata maganar ce.

Akwai kuma Al Kooper a Like a Rolling Stone ta Bob Dylan, 1965, mutumin ma ɗan jita ne ba gwanin ogan ba, sai ya riƙa jira ya ji inda sauran suka dosa sannan ya danna, shi yasa yake shigowa a ɗan makare, kuma makarar nan ita ta zama daɗin abin don ta bar wa kalmar farko hanya ta fita. Na ƙungiyar Deep Purple kam kar ka fara da shi, mai ogan ɗinsu Jon Lord ta amfilifayar Marshall ta 'yan jita yake bi da Hammond ɗinsa don ya yi gurnani, kuma a lokacin mawaƙinsu Ian Gillan na da maƙogwaron da zai haye saman wannan gurnanin, ji Child in Time ta 1970 yadda yake ƙwalla ihu hawa hawa. Yaron da ke zuwa wajenmu muryarsa ba ta kai nan ba, in ka sakar masa irin wannan ka kashe shi.

Yanzu ga abin da za ka yi. Hannun hagunka ya yi yawa, na sha ganinka kana danna maɓalli huɗu a hagu huɗu a dama, alhali mai bes, jitar nan mai kaurin sauti, yana nan yana cin albashinsa. Cire hagun, ka riƙe biyu ko uku a dama, kuma in za ka sauya ka bar yatsan da ba ya bukatar motsi a inda yake, ogan ba ya son tsalle tsalle. Ka hau sama da inda muryar yaron take ko ka sauka ƙasa da ita, kar ku zauna layi ɗaya. Sautin ogan ba ya mutuwa da kansa irin na jita, muddin yatsanka na kai yana nan da ƙarfinsa, don haka ƙafarka ce za ta ba shi numfashi, akwai fedal ɗin boliyum a cikin kwalin da ke ƙarƙashin tebur, ka jona shi, baiti ya zo ka sassauta, amshi ya zo ka taka. Juyin Leslie na bogi da ke cikin piyanon ka bar shi a hankali, sai an kusa shiga amshi ka sake shi da sauri, yana ƙarewa ka mayar.

Gobe ka riga ni zuwa ka goge fedal ɗin don ya sha ƙura, ka kira yaron ya zo bayan la'asar mu sake ɗaukar baitin farko, kuma dan Allah ka duba man janareta kafin nan.