Gilashi mai faɗi ko ɗinkin hotuna?

Tambaya: Malam, ina son ɗaukar birnin Kano daga saman Dutsen Dala. In sayi gilashin kyamara mai faɗin gani ne, ko in ɗauki hotuna da yawa in ɗinke su a kwamfuta su zama ɗaya?

Amsa: Ranka ya daɗe, a wannan aikin ɗinki ya fi. Gilashi mai faɗin gani, kamar mai milimita 16, zai kwaso fili da yawa, amma gine-ginen nesa za su ƙanƙance, na gefe kuma su miƙe.

Sa gilashi mai milimita 50, ka riƙe kyamara a tsaye. Kowane hoto ya hau kan na baya da kusan kashi 30 cikin ɗari. Kulle haske da saitin gani da hannu, in ba haka ba sama za ta fito zane-zane, wani wuri haske wani duhu. Kyamarar ce za ta juya a inda gilashin yake. Idan jikinka ka juya, dutsen da ke kusa zai goce daga na nesa, ɗinkin ya ƙi haɗuwa. Manhajar kwamfuta mai suna Hugin kyauta ce, tana ɗinkewa sosai.

Hawan Sallah kuwa, nemi mai faɗin. Doki ba ya tsayawa, in ka ɗinke sai ka gan shi sau biyu ko rabinsa ya ɓace.