Hotunan Janar: Kada Ka Kai Su Injin Leminetin

Ka ce iyalan wani Janar mai ritaya sun kawo maka kwali cike da hotunansa, tun daga makarantar horar da hafsoshi har ranar da ya ajiye kaki, kana tambaya ko ka yi musu leminetin kowa ya huta. A'a, ɗana. Zafin injin da gam ɗin robar suna kama fuskar hoton, kuma abin da ya shiga ciki ba ya fitowa lafiya. Hoton asali ba a yi masa abin da ba za a iya warwarewa ba. Duk gyaran da za ka yi, a kan kwafi za ka yi shi.

Sa safar hannu ta roba mara hoda, don shatin yatsa kan bayyana bayan shekaru. Cire robar ɗauri da kilif, ka ware yankakkun jaridu da lambobin yabo, domin takardar jarida tana rina hoto, ƙarfe kuma yana karce shi.

Sai jerantawa, kuma nan hoton soja ya fi na kowa sauƙi, don kafaɗarsa tana faɗin lokacinsa. A tsarin da aka gada daga Ingila, anini biyu Laftanar ne, uku Kyaftin. Kintinkirin lambobin da ke ƙirji ƙaruwa suke yi, saboda haka hoton da suka fi yawa a ciki shi ne na baya-bayan nan. Zauna da mai hotunan tun yana iya tuna fuskoki, ya faɗa maka suna, runduna, wuri da shekara. Rubuta a baya, can gefe, da fensir mai laushi 2B, ba tare da dannawa ba. Biro kam haram, tawadarsa tana ratsawa.

Wanda ya manne da gilashin firam, kada ka ja shi, fuskar za ta bi gilashin. Yi sikanin ɗinsa yadda yake. Na cikin albam mai gam, zura zaren sakace mara kakin zuma ta ƙarƙashin kusurwa, kana ja a hankali kamar zarto. In ya ƙi, bar shi. Dogon hoton 'yan kwas da aka naɗe shekaru, kada ka miƙar da shi da ƙarfi, tsagewa zai yi layi-layi.

Yi sikanin a dpi 600, wato ɗigo 600 a kowane inci, gaba da baya, ka adana a TIFF, tsarin fayil da ba ya rage ingancin hoto. Kwafi uku, ɗaya a wani gida daban. Ka yi hattara da manhajojin da ke sa wa baƙi-da-fari launi: zato suke yi, sai su canza launin hula ko na kintinkiri, su ba mutum lambar da bai taɓa samu ba. Tsoffin abokan aikinsa da kallo ɗaya za su gane.

Ajiya kuwa, kowane hoto a aljihun foliyesta, ban da robar PVC mai warin nan, sannan cikin kwali mara asid. Ɗaki mai sanyi, laima tsakanin kashi 30 zuwa 40. In ta haura 65, fumfuna za ta kama. Kada kwalin ya taɓa ƙasa ko bangon waje. Wanda iyali ke son ratayewa a falo, buga musu sabo, asalin ya koma duhu.