Amsa ga mai son fara noman albasa da tumatir a rani

Assalamu alaikum. Malam, ka ce ka samu fili a fadama wajen Jega, kana son noman albasa da tumatir don sayarwa, kuma kana tambaya ko iri ne ya fi muhimmanci ko taki. Na daɗe a wannan sana'a, kuma a ganina kuɗin ban-ruwa da lokacin da kayanka za su isa kasuwa sun fi su biyun tasiri.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, injin ban-ruwa ne ke cinye jarin ƙaramin manomi, shi ya sa masu hali suka koma injin sola. Kafin ka sayi iri, ka bincika zurfin ruwan filin a watan Maris, domin rijiyar da ke cike a Disamba tana iya ja da baya daidai lokacin da albasa ke ƙosawa.

Maganar lokaci ita ce babba. Albasa da tumatir suna son sanyin hunturu, don haka kusan kowa yakan yi dashe tsakanin Nuwamba da Disamba, sai kaya su fito gaba ɗaya a Fabrairu da Maris, kasuwar albasa ta Aliero da ke kusa da Jega ta cika, dillalai su yanka farashin da suka ga dama. Mai tumatir ba shi da zaɓi, tunda kwando ba ya jiran gobe, kuma idan ya jinkirta dashe zafin bazara zai zubar da fure. Mai albasa kuwa yana iya zuba ta a rumbu mai shan iska har damina, lokacin da buhu ke tsada, amma da sharaɗin ya tsayar da ruwa kafin cira, ya bar ta ta bushe sosai, kuma bai cika mata takin yuriya ba, domin albasar da ta sha taki fiye da kima ruɓewa take yi a ajiya. Yana ba ni takaici in ga matashi ya yi wahalar wata huɗu, sannan bashin dillali ya tilasta masa sayarwa a gona ranar cira.

Shawarata ita ce ka ba albasa kaso mafi girma a shekarar farko, ka raba dashen tumatir kashi biyu da tazarar mako uku, kuma ka ware kuɗin maganin tsutsar Tuta absoluta, wadda ta yi mummunar ɓarna a gonakin tumatir na Arewa a 2016.