Kar na ga giranda a jikin karaban ɗin nan

Kai yaro, wai tambayarka ko ka sa giranda da burushin waya ka kankare tsohon fentin karaban ɗin da aka kawo, ɗakin kwanan nan mai taya da ake ja da mota, don a gama da wuri. Je ka ɗauko maganaɗisu ka manna a jikinta tukuna. Ba zai kama ba, don alminiyam ne, kaurin fallen ko milimita ɗaya bai cika ba. Ƙirar Amurka ce, irin su Airstream ɗin nan da kuke kallo a waya, falle-falle aka haɗa da ribit, ƙananan ƙusoshin da ke matse falle da falle, kamar jikin jirgin sama. Giranda na ɗaukar zafi fallen zai lanƙwashe, ta kuma cinye kawunan ribit, damina na zuwa ruwa har kan katifa. Soda kuwa, ta yin sabulu, cin alminiyam take yi, kar ma ka shigo min da ita gareji.

Rimuba, maganin cire fenti, za ka shafa da kauri, a inuwa, ka rufe da leda kar iska ta busar da shi, in fentin ya tattare ka ture da roba mai faɗi. Safar hannu da takunkumi dole, kuma a fili, don mai ƙarfin nan akwai sinadarin methylene chloride a ciki, wanda tun 2019 Amurka ta hana sayar wa masu aikin gida saboda ya kashe mutane a rufaffen ɗaki. Tsohon fenti ma sau tari akwai dalma, ba a goge shi a bushe ana shaƙa. Wanki da firama, shafin farko kafin fenti, kuwa ba sai na faɗa ba, wanda bai san wannan ba ya koma sayar da fiya wata.

Amma ni abin da ka tuna min daban ne. Wani Alhaji ya taɓa sayo irinta a gwanjon wani kamfanin titi, ya ce zai mai da ita ɗakin hutu a gonarsa, ya rantse min fenti hawa ɗaya ne, na kamfani. Muka yi jinga a kan haka, ya ba da kafin alƙalami ya tafi. Ina sa rimuba sai ga fentin gida mai mai a sama, ƙarƙashinsa ruwan ɗorawa na kamfanin, ƙarƙashinsa wani kore, can ƙasa kuma bodi fila, abin cike lotsawa, an lafta a gefen hagu gaba ɗaya don an taɓa buga ta. Galan bayan galan nake saye da kuɗin aljihuna, yarana hannunsu duk ya saɓule, na mai da motoci biyu da aka kawo min feshi saboda babu wuri. Ranar da mutumin nan ya zo ya ga lotsawar da fila ta ɓoye, wallahi ko kunya babu ya ce ai mu muka lotsa masa, shi lafiya lau ya kawo. A gaban mutane! Muka je wurin shugaban masu gareji aka ce a yi haƙuri, ya turo a-kori-kura da daddare aka ja ta, cikon kuɗina har yau. Na gan shi a wani ɗaurin aure yana miƙo min hannu yana murmushi, na dai amsa sallama saboda Allah.

Ku yaran yanzu kun ga bidiyon minti uku an kankare karaban tana ƙyalli, kun zata haka aikin yake. Gobe da safe ka cire fenti faɗin tafin hannu, ɗaya kusa da ƙofa, ɗaya a baya, ɗaya a rufi, har ka ga farin alminiyam, ka ɗauki hoto da wayar taka ko ta yi amfani sau ɗaya. Sannan ka kira min mai ita ya zo ya gani da idonsa kafin na faɗi kuɗi.