Filin Lambu: Ramar Hajiya, da tsiron da ba zan koya wa kowa renonsa ba

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon wasiƙun duk daga Saudiyya na zaɓo su, Makka da Jidda da Madina, kuma biyu daga ciki kan ganye ɗaya suke ta kewaye duk da masu su basu san juna ba. Na taƙaita wasu saboda fili, sunayen gaskiya kuma na cire, in kun karanta zaku ga dalili.

TAMBAYA: Baba mai lambu ina wuni, ya aiki ya iyali. Ni dai a Makka nake wajen Shara Mansur, kwaɗayin kwaɗon rama ne ya isheni na samu iri wajen wata ƙawata na zuba a bokitan fenti a saman bene, ta fito gwanin sha'awa ba wanda yace min komai, sai da ta haura wata guda ganyen ya fara rabewa kamar yatsu, shine maƙwabciyata ta hau shanya ta gani ta dafe ƙirji wai hashish nake shukawa, wai in cire tun kafin wani ya kira askarawa wato 'yan sanda. Wallahi tun ranar banyi barcin kirki ba, maigida ma cewa yayi in tuge kowa ya huta. Dan Allah dama rama tana kama da wiwi ne, ko dai irin da aka bani ne ba na rama ba? Daga Maman yara, Makka.

AMSA: Lafiya lau Hajiya, Allah ya bar zumunci. Ki kwantar da hankalinki, maƙwabciyarki ba ita ta fara wannan ruɗewar ba, su kansu masana tsirrai da suka tashi raɗa wa rama suna Hibiscus cannabinus suka sa mata, wato dai mai kama da wiwi, saboda wannan yatsun ganyen da kika gani. Amma dangi ba ɗaya ba ko kusa, rama gidansu ɗaya da kuɓewa da yakuwa da auduga.

Yadda kika bada labarin ma ya isa shaida. Rama in ta fito ganyenta na fari-fari basa rabewa, faffaɗa suke fitowa guda cur, sai ta tasa sannan na sama su fara tsagewa gida uku, daga baya biyar har bakwai, shi yasa kika yi wata guda lafiya ba wanda ya tanka. Ki tsinko ganye ɗaya ki duba da kyau, yatsun rama a haɗe suke daga gindi kamar tafin hannu, na wiwi kuwa kowane yatsa a ware yake har inda suka haɗu da karan ganyen, bakinsa kuma zartsi-zartsi sosai kamar zarto. Ki shafa karan, na rama in ya fara ƙwari zaki ji 'yan ƙayoyi suna kartar hannu. Ki murza ganyen ki shinshina, rama bata da wani wari, wancan kuwa ko yaro ya murza yasan ya taɓa wani abu. Sannan ki ɗanɗana, in kika ji tsamin nan da ya sa kika shuka ta tun farko toh magana ta ƙare. In kika barta ta kai fure ma babu sauran gardama, fure take yi babba fari-fari ko ruwan ɗorawa mai duhun ja a tsakiya sak na kuɓewa, wiwi bata yin irin wannan furen sam.

Sai dai kar ki raina tsoron maigida, mutumin da yake zaune da igama, wato takardar izinin zama, a ƙasar mutane baya son ko tambaya ce ta kawo askar ƙofar gidansa, ko da daga baya za'a ce ayi haƙuri. Ni da nine ke, tunda dama ganyen ake so ba igiya ba, tsinke abata zanyi tana ɗanya shataf in dafa in kwaɗa da ƙuli in aika wa maƙwabciyar nan da kwano guda, ta ci hashish ɗin taji. Zubi na gaba kuma ki haɗa da lalo, shi ba Balaraben da bai sanshi ba, mulukhiyya ce tasu, ko ya kai tsayin mutum ba mai dafe ƙirji.

TAMBAYA: Salam Baba. Mu huɗu ne a ɗaki a Jidda, ɗaya daga cikinmu ya shuka wasu 'ya'ya a kofunan roba ya ɓoye a saman durowa da ɗan fitila, ni nasan ko menene domin shi da bakinsa ya faɗa min wiwi ce, yace ta shansa ce kawai ba sayarwa ba kuma ai yanzu ƙasashen Turawa duk sun halatta. Yayi tafiya Riyad sati biyu ya bar min in dinga zuba ruwa, yanzu kwana shida da fitowarsu sun yi tsawo sirara suna kwanciya, biyu sun mutu. Ya zanyi in ceto sauran kafin ya dawo, bana son yace na ci amana. Daga wani ɗanka a Jidda.

AMSA: Ɗana, nasan abin da yake damun tsiron nan amma bazan faɗa maka ba, ba kuma rowa bace. Amanar da kake tsoron ci, shi ya fara cin taka ranar da ya miƙa maka kofin ruwa ya hau mota.

Bari kaji inda kake tsaye. Dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Saudiyya, wadda aka fitar a shekarar 1426 Hijira, daidai da 2005, bata tsaya kan wanda ya binne iri kaɗai ba, duk wanda yayi wani aiki da tsiron ke buƙata don ya girma, ko ya kula dashi, shima manomi ne a wajenta. Kenan ruwan da kake zubawa safe da yamma ya riga ya saka a layi ɗaya da mai kofunan, kuma in aka buɗe ƙofar nan yau kai za'a tarar, shi yana Riyad, sauran biyun ma da basu ji ba basu gani ba sai sun yi bayani. Noman da aka tabbatar na fataucin ne yana cikin laifukan da hukuncinsu kan kai ga kisa, wanda aka yarda na sha ne kuwa ɗauri ne, kuma ba abokinka ne zai yanke wanne ne a ciki ba, alƙali ne. Baƙo in ya gama zaman gidan yari tarhil ne ya biyo baya, a kwashe ka a mayar gida, aikin da kazo nema da kuɗin da iyaye suka tara aka yi maka biza duk sun bi ruwa. Kuma kar wani ya ce maka ai a takarda ne kawai, an ɗan dakatar da zartar da kisa kan laifin ƙwaya na kusan shekara 3, a watan Nuwamba 2022 aka dawo dashi, kuma baƙi 'yan ci-rani suna da yawa cikin waɗanda abin ya faɗa wa.

Maganar Turawa kuwa, eh akwai gaskiya a ciki amma ba duka ba. Urugwai ta halatta a 2013, Kanada a 2018, Jamus tun Afrilun 2024 ta yarda baligi ya shuka har guda 3 a gidansa. Ingila da Faransa kuwa har gobe laifi ne. To wannan duk me ya haɗa shi da ɗakin haya a Jidda? Hotunan da abokinka yake kallo a YouTube mutanen can ne suke yi a ƙarƙashin dokar can. Ko gida Najeriya ka shuka ta NDLEA ce zata zo maka, balle nan.

Ka daina zuba ruwan daga yau. Ka kira shi ka faɗa masa kai ba ruwanka kuma abin nan bazai ƙara kwana a ɗakin da kake kwana ba, ka sanar da sauran biyun domin suma wuyansu ne. In ya ƙi ji kuna da babba a cikin 'yan garinku, ba'a rasa dattijo ɗaya da ake jin maganarsa, in ma ta kama ka tattara kayanka ka canja ɗaki. Lambar Mukafaha, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta nan, 995 ce, ka sani dai. Wani abu kuma da yawancin mutanenmu basu sani ba, dokar nan ta buɗe ƙofa ga mai shaye-shayen da ya kai kansa neman magani ko danginsa suka kai shi, ba'a gurfanar dashi kan shan matuƙar ya miƙa abin da yake hannunsa. In abokin naka ya kai matsayin da sai ya noma tasa a saman durowa, ina ga wannan ƙofar ya kamata a nuna masa.

TAMBAYA: Baba ina gaisuwa. Sau uku ina zuba irin tumatir da attaruhu, su fito lafiya kwana huɗu biyar sai in wayi gari sun zube ƙasa kamar an bi su da reza daga gindi. Ina basu ruwa sau uku a rana saboda zafin garin nan, taki ma na saka. Ko baki ne? Daga Ummu Walid, Madina.

AMSA: Ba baki bane 'yata, hannunki ne yayi yawa. Wannan ciwon duk mai lambu ya sanshi, wasu ƙwayoyin cuta ne dangin funfuna da suke zaune a ƙasa, in suka samu laima bata bushewa ga ɗumi ga rashin iska sai su kama tsiron daidai inda ya taɓa ƙasa, wurin ya sirance yayi ruwa-ruwa ya faɗi. Wanda ya faɗi ya tafi kenan, ki cire shi da ƙasar gefensa kar ya shafa wa sauran.

Ruwa sau uku a rana ga jaririn tsiro kisa ne. Ki tura yatsa cikin ƙasar, in da danshi ki ƙyale, in saman ya bushe ki bada, da safe ya fi, kuma ba kwarara ba, ki huda murfin gorar ruwa da allura ki dinga yayyafawa. Ki duba gindin abin da kika shuka a ciki, ina kyautata zaton babu huda, mutanenmu na son gwangwanin madara da robar yogot amma su manta su huda ƙasan, ruwa ya taru saiwa ta ruɓe. Ƙasar da tsiro ya mutu a cikinta har sau uku kuma kar ki sake zuba iri a ciki, ki je mashtal, wato wajen masu sayar da tsirrai, ki ce a baki bitmos, ƙasar renon iri ce da ake sayarwa a buhu, ki gauraya da ɗan yashi mai tsabta, robobin ki wanke su da sabulu su sha rana.

Takin ma ki dakata dashi. Ganye biyun farko da kike gani ba ganyen gaske bane, guzurin da ƙwayar ta fito dashi ne, shi take ci a kwanakin farko, sai ganyen gaske sun fito biyu ko uku sannan ki fara bada taki kaɗan-kaɗan a tsarme. Kashin kaji ɗanye ko na tumaki da bai ruɓe ba ƙone su zaiyi. Wajen binnewa kuma kar ki zurfafa, kamar kaurin ƙwayar sau biyu ya isa, irin tumatir da ƙyar ma zaki rufe shi. Tumatir kan fito cikin kwana 5 zuwa 10, attaruhu mai nawa ne yakan kai sati 2 har 3, kar ki gaji ki tone kina dubawa kamar yadda wata ƙanwata take yi.

Haske shima, in suna cikin ɗaki nesa da taga zasu yi ta miƙewa sirara farare suna neman rana har su kasa ɗaukar kansu. Hantsin safe suke so, da rana ta take ki jawo su inuwa. Amma babban abin da nake zargi shine lokacin da kike zubawa, zafin Madina da Makka a tsakiyar bazara yana wuce digiri 40 hankali kwance, tumatir kuwa ko ya rayu in zafi ya haura 35 furensa zubewa yake baya ɗaure 'ya'ya. Ki bari sai wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba ki zuba, bayan sati 4 zuwa 6 ki dasa da yamma, ki ci tumatirinki cikin sanyi. Irin su mutanen Ɗa'ifa ne suke da gatan shuka da zafi saboda suna kan dutse. In kuma hannunki na ƙaiƙayi ba zaki iya jira ba, kuɓewa da lalo da rama su basa tsoron rana.

TAMBAYA: Ruwan da yake ɗiga daga mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ana iya ba shuka? Sannan zogalen da na cire daga kofi na dasa ya bushe, me ya jawo? Daga direba, Jidda.

AMSA: Ana bayarwa malam, ga jaririn tsiro ma ya fi ruwan rijiyar da yake da gishiri-gishiri, domin raɓar iska ce na'urar ta tara, kusan babu gishiri a ciki. Sai dai ba abinci a cikinsa ko kaɗan, in shuka ta girma sai ka haɗa da taki, kuma ka tara a bokiti mai murfi saboda sauro, Jidda tasan zazzaɓin dengi.

Zogale kuwa saiwa ɗaya yake turawa ƙasa kamar ƙaramin rogo, tana karyewa wajen cirewa shikenan. Ka jiƙa ƙwayar kwana ɗaya ka binne ta kai tsaye a inda zata zauna, babban bokiti mai zurfi ko rabin duro da aka huda, cikin sati ɗaya zuwa biyu zaka ganta. In ya kai gwiwa ka tsinke kan don yayi rassa, in ba haka ba zai tafi sama ziƙau kamar sandar rake mai gidan haya ya fara yi maka magana.