Fulat ɗin kansul a Landan: kuɗinka ne ya saya, amma bangon ba naka ba ne

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, kuma na saurari muryar Baffa da ka turo har sau biyu. Abin da na fahimta shi ne ka samu gurbin digiri na biyu a Landan, Baffa kuma yana ganin da a riƙa zuba kuɗin haya a rijiya, gara ya sayar da fili guda, ya haɗa da abin da ke hannu, a saya maka fulat. Kun ga wani mai ɗaki biyu a tsohon ginin kansul, wato ƙaramar hukuma, ya fi na kewayensa araha nesa ba kusa ba, sai dai ya ji jiki. Niyyarka ka fasa bangon da ya raba kicin da falo, ka sake banɗaki, ka kwashe kafet ka shimfiɗa tayil. Ka ce in ƙiyasta maka kuɗin gyara.

Ajiye maganar kuɗin gyara tukuna. Ni ma da irin wannan lissafin na shiga, na ƙare ina kwana da buhunan filasta a falo wata da watanni.

A Ingila yawancin fulat ba a sayar maka da shi kacokan. Shekaru ake sayar maka, wato haya ta dogon zango da suke kira lis. Irin gidajen da kuka gani kansul ce ta gina su don masu ƙaramin ƙarfi. A 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta yi dokar da ta ba 'yan hayar kansul damar sayen inda suke zaune da rangwame, aka riƙa rubuta musu lis na shekara 125, da kuɗin ƙasa fam 10 a shekara. Su suka sayar wa wasu, wasu suka sayar wa irinmu. Ginin da ƙasar da yake kai suna nan a hannun kansul. Baffa zai ce ai mu ma takardar filinmu ta shekara 99 ce tun dokar ƙasa ta 1978, kuma gaskiya ne. Bambancin shi ne gwamna ba ya turo ma'aikaci ya leƙa banɗakinka. Kansul tana turowa.

A lis ɗina, abin da na mallaka ya fara ne daga filasta zuwa ciki. Ginshiƙan gini, rufi, bangon waje, bututun da ya ratsa ta ɗakina zuwa na maƙwabta, har da firam ɗin tagogi, duk na kansul ne. Akwai kuma wani sakin layi da ya ce ba zan taɓa bango ko in sauya fasalin ɗakuna ba sai da rubutaccen izinin mai gini. Lauyana ya karanta mini shi ranar sayen, ni kuwa hankalina na kan mukulli.

Na samo magini, mutumin kirki, ya ƙwanƙwasa bangon kicin da bayan yatsa, ya kasa kunne, ya ce wannan fanko ne, ba ya ɗauke da komai, kwana biyu ya fita. Muka fara ranar Litinin. Laraba da rana tsohuwar da ke ƙasana ta hawo da farar ƙura a kafaɗar rigarta, ta ce silin ɗinta yana zubowa cikin shayinta. Na ba ta haƙuri, na ɗauka magana ta wuce. Ashe daga ƙofata waya ta ɗauka. Kafin mako ya zagayo wasiƙa ta zo: a dakatar da aiki nan take, na saɓa sharaɗin lis, kuma duk kuɗin da kansul za ta kashe kan safiyo da lauya a kaina yake.

A nan na gano cewa izini ba ɗaya ba ne. Akwai na mai gini, wanda sashen masu lis ke bayarwa. Akwai na masu duba ƙa'idar gini, su ne ke tabbatar da cewa aikin ba zai rufta ko ya ja gobara ba. In kuma za ka sauya abin da ake gani daga waje, akwai na masu tsara gari. Duk ukun a kansul ɗaya suke, wataƙila ma a bene ɗaya, amma na wannan bai shafi na wancan ba. Ni da na samu takardar masu duba gini na tafi da ita ina murna, matar da ke sashen lis ta dube ta ta miƙo mini, ta ce wannan ba tasu ba ce.

Suka nemi zanen injiniya. Injiniya ya zo ya ce rabin bangon fanko ne kamar yadda magini ya faɗa, ɗaya rabin kuwa yana tallafe da abin da ke sama, sai an sa gungumen ƙarfe. Suka nemi a gwada silin ko akwai asbestos, wani abu da aka yi ta cusawa a gine-ginen shekarun 1960 da 1970, ƙurarsa tana jawo cutar huhu da daji, ba a haramta shi gaba ɗaya a ƙasar nan ba sai 1999. Aka gwada, akwai shi. Ka tuna maginina ya riga ya yi kwana uku yana tada ƙura ba tare da ya sani ba, yarana kuma suna shiga suna fita. Wannan ya fi kuɗin ci mini rai har yau. Suka nemi inshorar magini, da shaidar cewa mai aikin gas yana cikin rajistar Gas Safe, da takardar mai aikin lantarki. Kowace takarda in ka tura, sai ta yi makonni a tebur, sannan a ce jami'in da ke riƙe da fayil ya bar aiki, ka sake turowa. A duk tsawon lokacin nan, Yayarka a kan risho mai baki ɗaya take girki a baranda, ga sanyin Landan.

Ban ce kansul ce kaɗai da laifi ba. Ni na fara ɗaga guduma. Amma jan ƙafarsu ma ba shi da dalili, kuma doka ta san da haka. Tun 1927 akwai dokar da ta ce in lis ya yarda a yi gyara da izini, mai gini ba zai hana izinin ba gaira ba dalili. Matsalar ita ce wasu lis ɗin ba su ce “sai da izini” ba, cewa suka yi “ba a yi” kawai. In naka irin wannan ne, ba ka da abin kamawa. Ƙarshen tsanani, mai gini na iya bin matakan shari'a ya ƙwace lis ɗin gaba ɗaya. Ba kasafai ake kaiwa can ba, sai dai ganin kalmar a wasiƙar lauya ya isa ya hana mutum barci. Wanda kuma ya yi aikin a ɓoye ya tsira, ranar sayarwa yake haɗuwa da abinsa, domin lauyan mai saye zai tambayi takardar izinin.

Banɗaki kuwa, nan ne mu Hausawa muke faɗawa rami. Mu da buta muka saba, da alwala, da ruwa a ƙasa a share. Banɗakinsu ba shi da magudana a daɓe, ruwan da ya zuba kai tsaye yake bi ta ƙasa ya sauka kan maƙwabci. In kana so a mai da shi irin na gida, sai an shimfiɗa abin tare ruwa ƙarƙashin tayil, kuma matsar da masai daga inda yake na nufin taɓa babban bututun gini, wanda ba naka ba ne. Ko ɗan tiyon tsarki da muke sawa a gefen masai yana da ƙa'ida, dokar kayan famfo ta 1999 tana ɗaukarsa a matsayin abin da zai iya mai da ƙazanta cikin ruwan sha, don haka ba a haɗa shi da bututu kai tsaye. Tayil a falo ma ka duba lis da kyau, da yawa sun wajabta kafet ko abin rage ƙara saboda na ƙasa. Hatta huda bango don fankar fitar da hayaƙin suya sai an tambaya.

Ba ka faɗa mini hawa nawa ne ginin ba, kuma wannan babbar tambaya ce. Bayan gobarar dogon benen Grenfell da ke Landan ta 14 ga Yuni 2017, wadda ta ci mutum 72, an yi dokar kiyaye gine-gine ta 2022. Ginin zama da ya kai mita 18 ko hawa 7 yana ƙarƙashin wata hukuma ta musamman, aiki mai ɗan nauyi a cikin fulat ma sai ya bi ta wajenta. Ƙofar shigarka ba za ka sauya ta da wadda ta burge ka ba, sai mai jure wuta. Wasu dogayen benayen kuma da manyan falankin kankare aka harhaɗa su, irin benen Ronan Point na Landan da gefensa ya rufta a 1968 bayan fashewar gas. Bankuna da yawa ba sa ba da bashi a kan irinsu. Baffa da kuɗi hannu zai saya, wannan bai dame shi ba yau, amma ranar da za ku sayar sai kun jira wani mai kuɗi hannu. Arahar da kuka gani tana iya zama daga nan ta fito.

Sai kuma gyaran da ba kai ka nema ba. Ban da kuɗin hidima na shekara-shekara, na shara da fitilun matakala da inshora, kansul tana yanke shawarar sake rufi ko lif ko tagogin gini duka, ta raba kuɗin, masu lis su biya kasonsu. 'Yan hayarta ba a aika musu wannan takardar, mu ake aika wa. Sashe na 20 na dokar masu gida da 'yan haya ta 1985 ya ce in kason mutum ɗaya zai wuce fam 250 dole a sanar da shi, a ba shi kwana 30 ya faɗi ra'ayinsa. Ra'ayi ne kawai, ba ikon hanawa ba. Tawa ta iso ban gama farfaɗowa daga kicin ba, kuɗin da ke ciki ya ninka abin da na kashe a gyaran. Tagogin da na roƙa a bar ni in sauya da kuɗina aka hana, su ne aka sauya aka turo mini lissafi. An yarda na biya kaɗan-kaɗan, har yanzu ban gama ba.

Akwai inda ake kai kuka. Kotun sauraron rigingimun gidaje tana duba ko kuɗin hidima ya wuce hankali, mu shida a gininmu muka haɗu muka je, aka rage wani abu. Akwai mai sauraron ƙorafin gidaje, bayan ka gama matakai biyu na ƙorafi a kansul. Akwai hukumar LEASE da ke ba da shawara kyauta. Amma damar da masu lis ke da ita a gine-ginen 'yan kasuwa, ta su haɗu su karɓe ragamar kula da gini, ba ta aiki in kansul ce mai gidan.

Ka lissafa shekarun da suka rage ma. Lis na shekara 125 da ya fara a 1985 zai ƙare a 2110. Da zarar saura ya gaza 80, ƙara shekaru yana tsada sosai. An yi sabuwar doka a 2024 don sauƙaƙa wannan, amma ba duk sassanta ne suka fara aiki tare ba, sai lauya ya duba muku inda aka kwana.

Ra'ayina, ka gaya wa Baffa cikin ladabi ya bar filinsa tukuna. Sayen gida ba ya ba mutum izinin zama a Birtaniya, kuma wanda ba mazaunin ƙasar ba yana biyan ƙarin harajin saye na kashi 2 cikin 100 na kuɗin gidan tun Afrilun 2021. Karatunka shekara ɗaya ne, izinin fasa bango kaɗai na iya cinye rabinta. Ka kama ɗaki, ka san gari.

In kuwa ya dage, kada a biya ko sisin kwabo sai dillalin ya kawo kwafin lis ɗin cikakke, da lissafin kuɗin hidima na shekara uku da suka wuce, da amsar kansul a rubuce kan manyan ayyukan da take shirin yi wa ginin. Ka turo mini su tare da hoton ginin daga waje in ƙirga hawan. A gai da Baffa da Inna, ka ce wa Inna yajin da ta aiko ya iso.